Ranar da malam ya sauka ya bar ni da jirgi

A ƙauyenmu da ke gabas da Ringim, jirgin sama sai dai ka ɗaga kai ka hango shi ya nufi Kano. Muna yara a wurin kiwo mukan bi shi da ido har ya ɓace. Tun 1925 jirgi ya sauka a Kanon nan, amma ni ban taɓa ɗora hannu a jikin jirgi ba sai da na je Zariya koyon tuƙi.

Mun daɗe muna zagaye da malamina a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya. Ka tashi, ka hau ƙafa 1,000, ka bi gefen titin jirgi, ka juyo ka sauka, tayoyi na taɓa ƙasa ka ƙara totur ka sake tashi. Wata safiya bayan mun yi sau uku ya ce in tsaya. Ya kwance bel ɗinsa ya ce, "Yi uku kai kaɗai, ina jin ka a rediyo." Ya rufe ƙofa ya tafi abinsa.

Na karanta addu'ar hawa abin hawa, na nemi izinin hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage, na tura totur. Nauyin mutum guda ya ragu, don haka jirgin ya bar ƙasa tun kafin inda na saba, ya kama hawa kamar ana jan sa. Na waiwaya dama, kujera babu kowa. Saukar farko ta yi kyau, kuma ina ganin ita ce ta sa na saki jiki.

A zagaye na biyu ban dubi buhun iska ba, wannan dogon ƙyallen da ke gefen titi mai nuna inda iska ta fito da ƙarfinta. Ashe ta juya tana bugowa daga gefe. Na taho sama da yadda ya kamata, gudu ma ya yi yawa, ga jirgi ba nauyi. Sai ya ƙi zama, ya yi ta shawagi dab da kwalta, titi na ƙarewa a gabana. Da na matsa masa, tayoyi suka bugi ƙasa ya yi tsalle. Zuciyata ta ce in danna hancinsa a gama kawai. Nan ne ake karya tayar gaba, farfela ta daki kwalta. Hannuna ya riga tunanina, don malam ya sa na maimaita abin har ba adadi: na tura totur gaba ɗaya, na daidaita hanci, na janye filaf, wato faifan bayan fiffike da ake saukarwa in za a sauka, kaɗan kaɗan, na gaya wa hasumiya na fasa sauka. Rigata ta jiƙe sharkaf.

A na gaba na dubi buhun tun daga nesa, na karkata fiffike ɓangaren iska, na taka feda don hanci ya bi tsakiyar titi. Taya ɗaya ta fara taɓawa, ɗayar ta biyo.

Na zaci faɗa zan sha. Malam ya ce fasawar ta yi daidai, amma ya zaunar da ni muka bi zagayen daki-daki, har ya nuna mini tun ina ƙafa 500 ya kamata in gane saukar ba za ta yi ba. Wannan ya fi tsaya mini a rai. Yawancinmu ɗalibai kunyar fasa sauka muke ji saboda abokai na kallo, kuma ni na ɗauki kunyar nan a matsayin abu mafi haɗari ga mai koyo.

Da na zo gida lokacin kaka na tarar da Inna a masussuka tana shiƙar gero. Kafin ta ɗaga ƙwarya sai ta saki ɗan ƙaiƙayi ta ga inda ya nufa, in iska ta juya ta gyara tsayuwa. Tun ina goye take haka, ban taɓa lura ba. Balbelun da ke bin shanunmu ma duk iska suke fuskanta in za su sauka.

Da daddare na ba Baba labari. Ya yi shiru, can ya ce, "Da ka sake tashi, man ya ishe ka?" Na ce, "Ya isa, Baba, kafin mu tashi sai na leƙa tanki da idona." Ya ce, "To madalla. Allah ya tsare."

Lasisin farko na buƙatar awa 40 a sama, 10 daga ciki kai kaɗai, ni kuwa yanzu na fara tara nawa. Hunturu ya kawo kai, kuma in hazo ya rufe ba a barin ɗalibi ya tashi. Jibi zan koma, tun yanzu da asuba nake fita bayan gari in ga ko ana hango kukar bakin rafi.