Jar wayar da ta tsayar mana da mutum-mutumi sau biyu

A watan Maris na 2023, a wata gasar shiyya ta FIRST, gasar mutum-mutumi ta ɗaliban sakandare, a jihar Michigan ta Amurka, mutum-mutumin ƙungiyarmu ya tsaya cik a tsakiyar fili har sau biyu a yini ɗaya, kuma ni ne sanadi, ko da yake sai da la'asar ta yi kafin na amince da hakan. A lokacin ina karatun injiniyan lantarki, ina kuma taimaka wa ɗaliban wata makarantar sakandare da aikin wayoyi a matsayin mai ba da shawara. Duk wanda ya san wannan gasa ya san cewa wasa ɗaya minti biyu da rabi ne kacal, daƙiƙa 15 na farko mutum-mutumi yana tuƙa kansa, sauran kuma direba ne ke sarrafa shi daga bayan gilashi, ta hanyar ɗan rediyon da ke ɗaure a jikinsa. Idan wuta ta ɗauke wa wannan rediyo ko da na ƙiftawar ido ne, sai ya sake tashi daga farko, kuma tashin nasa yakan ci daƙiƙa 40 zuwa 45, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na wasan.

Na san wannan sarai tun kafin mu fara gini a watan Janairu, shi ya sa na yi abin da nake ganin dabara ce. Rediyon da ake amfani da shi a wancan lokaci, OM5P, yana karɓar wuta ta hanya biyu: ta ɗan zagayayyen fulogi, ko kuma ta cikin kebul ɗin Ethernet da ke haɗa shi da roboRIO, wato kwamfutar da ke sarrafa mutum-mutumin. Sai na ba shi duka biyun, na ɗaure fulogin, na manne shi da gam, na kuma riƙa faɗa wa ɗaliban da alfahari cewa ko ɗaya ta kwance, ɗayar tana nan. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, hanyoyin biyu daga wuri guda suke fitowa, wato ɗan akwatin daidaita wuta da ake kira VRM, wanda ke ba da volt 12, shi kuma wayoyi biyu ne tak suke kawo masa wuta daga allon rarraba wuta. Waɗannan wayoyi biyu ni na fere su da hannuna a daren da muke gaggawar kammala aiki, na cusa su a ramukansu, ban kuma ja su na gwada ba.

A wasanmu na biyu wani mutum-mutumi ya banke namu a tsakiyar fili. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin injin da ya haura kilo hamsin idan ya taho a guje ba ya san birki. Namu ya tsaya, direbanmu yana ta juya sandunan tuƙi a banza, sai can kusa da ƙarshe ya farfaɗo. Da aka turo shi rumfarmu ban buɗe komai ba, ban duba komai ba, na yanke hukunci cewa rediyon ne ya tsufa, tun da shekaru huɗu ke nan ƙungiyar tana amfani da shi. Na cire shi, na manna masa tef, na rubuta a kai cewa ya lalace, na ɗauko na ajiya.

Sauya rediyo a wurin gasa ba cirewa da sakawa ba ne kawai. Dole a kai sabon wurin kwamfutar da masu shirya gasa suka ajiye, a saka masa lambar ƙungiya da mabuɗin sirrin wannan gasar, in ba haka ba filin ba zai gane shi ba. Wani ɗalibi ya ruga da shi, ya tarar da layi, ya dawo ana kiran mu mu shiga jerin wasa na gaba. A cikin wannan gaggawa muka ɗaure shi, har na kusa cusa kebul ɗin a ramin da ba shi ba, alhali ramin da ke kusa da fulogin wuta ne ke karɓar wuta ta kebul. Duk wannan lokaci da muka ɓata, da na ba shi ga binciken waya, da mun gano matsalar tun da hantsi. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne wasanni biyu da suka biyo baya sun tafi lafiya lau, saboda babu wanda ya banke mu da ƙarfi, ni kuwa na ɗauka maganin da na yi ne ya ci.

Wasan shekarar yana da wani dandali mai lilo da ake hawa a ƙarshe. Idan ya daidaita, kowane mutum-mutumi da ke kai yana samun maki 10, idan kuwa ya karkace, maki 6 ne. A wasanmu na biyar abokan ƙawancenmu biyu, wato ƙungiyoyin da muke gefe ɗaya muna tara maki tare, sun riga sun hau, namu ya taho, ƙafafunsa na gaba suka daki bakin dandalin, nan take ya mutu, rabinsa a sama rabinsa a ƙasa, ya danne gefe ɗaya. Ba namu makin kaɗai muka rasa ba, har na mutanen da ba su ji ba ba su gani ba muka rage, aka kuma cinye mu da tazarar da ba ta kai abin da muka zubar ba. Har yau idan na tuna yadda ɗalibanmu suka je suna ba waɗancan ƙungiyoyi haƙuri a kan laifin da ba nasu ba, sai in ji kunya ta rufe ni.

Ɗaya daga cikin masu sa kai da ke sanye da hular ruwan lemo, waɗanda aikinsu shi ne taimaka wa ƙungiyoyi da matsalar na'urorin sarrafawa, ya biyo mu rumfa. Bai taɓa rediyon ba. Ya buɗe bayanan da manhajar tuƙi take adanawa a kwamfutar direba bayan kowane wasa, waɗanda suke nan tun safe ban waiwaye su ba. Ya nuna mini cewa ƙarfin batir bai kusanci matakin da roboRIO ke fara yanke wa injina wuta ba, saboda haka ba batir ne ya gaza ba. Ya nuna cewa roboRIO ɗin ma bai sake tashi ba. Rediyo ne kaɗai ya ɓace, na kusan daƙiƙa 45, a wasa na biyu da na biyar, tsohon da sabon iri ɗaya. Rediyo biyu ba sa lalacewa a rana ɗaya ta hanya ɗaya. Wuta ce take yanke musu. Sai ya tambaye ni ko an ja kowace waya an gwada, na ce ai hanya biyu na ba shi. Bai yi gardama da ni ba, ya dai dubi wata ɗaliba 'yar shekara goma sha biyar ya ce ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tun daga allon rarraba wuta. Da ta iso jar wayar da ke shiga VRM, ko ƙarfi ba ta sa ba, wayar ta biyo hannunta.

Irin waɗannan ramuka masu maƙalewa suna buƙatar a fere waya kamar milimita 8. Tawa da ƙyar ta kai rabin haka, don haka maƙallin ya kama robar waya maimakon tagulla, tagullar tana taɓa ƙarfe ne kawai idan komai yana zaune lafiya. A ɗakin aikinmu, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma babu abokin karo, ta yi makonni tana aiki. Gyaran bai kai minti uku ba. Ni da nake karanta lissafin da'irar lantarki a jami'a, milimita huɗu na tagulla ne suka kayar da ni, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ƙa'idar jan waya, ni nake koya wa ɗaliban ita, sai dai ban yi wa aikin hannuna ba.

Tun daga ranar ba na yarda a cire rediyo sai an buɗe bayanan wasan an ga tsawon lokacin da sadarwa ta yanke da kuma abin da ya ɓace, domin yankewar daƙiƙa biyu ko uku ta fi kama da kebul mai karyayyen maƙalli, ta daƙiƙa arba'in kuwa wuta ce. Kafin kowane wasa mutum ɗaya yana bin wayoyin rediyo da hannu tun daga fis har zuwa fulogi, kuma ba wanda ya haɗa su ne yake binsu ba. A rumfa mukan kunna mutum-mutumin, mu ɗaga gefe ɗaya kaɗan mu sake shi, muna kallon fitilun rediyon. Idan kuma wani ya ce ya ba na'ura wuta ta hanya biyu, tambayata ta farko ita ce a ina hanyoyin suka haɗu. Da aka koma sabon rediyo a kakar 2025, VH-109, wanda ke aiki a zangon gigahaz 6 kuma wayoyin wuta suke shiga jikinsa kai tsaye, ɗalibai sun yi murna cewa an rabu da zagayayyen fulogi. Ni dai na ɗauko ruler na auna abin da aka fere, domin fulogin ba shi ne ya kunyata ni ba.

Tsohon rediyon nan da na yanke wa hukunci, da muka koma gida muka gwada shi, lafiyarsa ƙalau. Aka ɗaura shi a mutum-mutumin atisaye, ya ci gaba da aiki har ƙarshen kakar da ta biyo baya. Na nemi in ɓare tef ɗin da ke ɗauke da rubutuna, ɗaliban suka ce a bar shi.