An canza katin wifi, intanet ɗin yana nan yadda yake

Ƙarshen watan nan zan bar sashen kula da kwamfutoci na inda nake aiki, kuma wallahi abin da har yanzu yake min ciwo shi ne maganar katin wifi ɗin nan, wato ɗan katin da ke cikin laftof mai kama wifi. Ma'aikata suna ta ƙorafin intanet ba ya gudu, oga ya karanta wani waje wai katin Wi-Fi 6 yana kaiwa gudun 2.4 Gbps, wato 2,400 Mbps, shikenan ya yanke hukunci a canza na kowace laftof. Na ce masa ranka ya daɗe ba kati ne matsalarmu ba, rautarmu, na'urar da ke watsa mana wifi, tsohuwa ce, Wi-Fi 4, fasahar 2009, a zangon 2.4 GHz kaɗai take watsawa, ga layin da muke biya 50 Mbps ne kuma kowa a kansa yake. Ya ce na fiye surutu, in yi abin da aka sa ni.

An bar jaki ana dukan taiki kenan. Lambar da ake rubutawa a jikin kwali gudun da ke tsakanin kati da rauta ne kawai, kuma kafin ka gan ta sai rautar ma Wi-Fi 6 ce, tana ba da faɗin tasha na 160 MHz, laftof ɗin na da eriya biyu, kana kuma zaune kusa ba bango a tsakani, duk da haka in ka zo tura fayil abin da za ka gani bai kai lambar ba. In rauta tsohuwa ce sabon katin saukowa yake yi ya bi ta a gudunta. Kuma ko da komai sabo ne, layin 50 Mbps ba zai taɓa ba ka 51 ba.

Abin bai tsaya nan ba. Bai tambaye ni ba ya sa aka kawo katin Intel AX201, alhali rabin laftof ɗinmu firosesarsu, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kamfanin AMD ce. AX201 wani ɓangaren aikinsa a cikin firosesa ko chipset na Intel yake, sai da wasu firosesa na Intel yake tafiya, katin AX200 ne yake shiga ko'ina. Ramin M.2 ɗin da ake sa katin iri ɗaya ne, katin zai zauna daram, ka kunna ba wifi kwata-kwata. Da aka zo mitin sai ya ce wai ni ne ban iya sawa ba, a gaban kowa, kuma shi aka yarda da shi. Na yi shiru don ba ni da komai a rubuce. Tun daga ranar duk shawarar da na bayar sai na bi ta da imel.

Ba wai canza kati ba shi da amfani ba ne fa. In katinka mai eriya ɗaya ne na Wi-Fi 4, 72 ko 150 Mbps ne iyakarsa, in kuma ba ya ganin 5 GHz alhali rautarka tana da shi, ko yana yawan yankewa, to canza, za ka ji bambanci sosai musamman inda wifi ya yi yawa a gini ɗaya. Amma mai Wi-Fi 5 da eriya biyu da yake haɗuwa a 866 Mbps, gaskiya ya bar kuɗinsa, sai dai in manyan fayil yake turawa zuwa saba, babbar kwamfutar ajiya, kullum.

Kafin ka sayi komai jona waya kai tsaye daga rauta ka gwada gudun, in nan ma a hankali yake to ka san inda ciwon yake. Buɗe bayan laftof ka duba, wasu katin a like yake da bod, babban allon cikin laftof, tsofaffi kuma raminsu daban ne, mini PCIe, kuma bakin wayar eriyarsu ya fi girma. Tsofaffin ThinkPad da wasu HP BIOS ɗinsu, manhajar da ke tada kwamfutar, ba ya karɓar katin da ba na kamfani ba. Duk na rubuta wa wanda zai gaje ni, laftof bayan laftof, da sunan rautar da ya kamata a saya tun farko.