Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Allurar Baya

A makon jiya mun tsaya inda hoton ciki ya nuna yaron a gicciye yake, likita ta ce sai tiyata. Maigidana ya sa hannu a takarda, aka ba mu rana.

Inna, uwar mijina, ba ta damu da yankan ba kamar yadda ta damu da allurar baya. "Ke 'yar nan, kada ki yarda su taɓa miki gadon baya. Mata nawa suka gurgunce? Ki ce su sa ki barci, ki farka ki ga ɗanki." Tsakani da Allah tsoro take ji mini, kuma ta zuba mini shi.

Ana gobe aiki likitan kashe zafi ya zo bakin gadona, na faɗa masa maganar Inna. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, laka tana ƙarewa ne sama da inda muke sa allura. Ruwan da ke kewaye da jijiyoyi muke zuba wa magani, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu na awa biyu zuwa uku." Ya ce barcin gaba ɗaya yana da ranarsa: idan jini ya ɓalle, ko jinin mace ba ya daskarewa, ko babu lokacin jira. Amma sai an zura roba a maƙogwaro inji ya yi wa mutum numfashi, kuma abin da ke cikin tumbin mai juna biyu yana iya tasowa ya shiga huhu. Maganin ma yakan kai ga jariri, ya fito a kasalance. Akwai hanya ta uku da ake barin siririyar roba a baya ana ƙara magani, an fi yi wa masu naƙuda.

Na zaɓi ta baya. Har yau ina ganin kowace mace ta cancanci a zauna a yi mata wannan bayani kafin a tura ta ɗakin tiyata.

Da safe aka sa mini ƙarin ruwa, na zauna na rungume filo na lanƙwasa baya. Ɗan tsini na ji, sai ɗumi ya gangara ƙafafuna suka yi nauyi. Jinina ya sauka, zuciyata ta tashi, likitan ya ƙara magani a ruwan, na dawo daidai. Ina jin ana ja ana dannawa, zafi kam babu. Ina cikin salati na ji kukansa. Sista ta ɗago shi ta saman labule ta ce, "Maman jariri, ga angonki."

Kafin la'asar yatsun ƙafata suka motsa, Inna na tsaye tana hamdala. Washegari da na tashi zaune, ciwon kai ya sare ni, in na kwanta kuma ya lafa. Inna ta dube ni ta ce, "Ban faɗa miki ba?"

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.