Kada a shafe bangon ƙasa da siminti

Tunda na ajiye aikin gyaran tsofaffin gine-gine a Jos, bari in bar wa na baya abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya: shafe bangon tubali da siminti, don kawai oga ya ce zai fi kyan gani.

Bangon ƙasa numfashi yake yi. Da damina ya sha danshi, rana ta fito ya fitar. Siminti kuwa tauri gare shi, ba ya motsi tare da ƙasar da ke bayansa. Tsakanin sanyin daren Jos da zafin rana sai ya yi tsaga siririya kamar gashi. Ruwan Yuli da Agusta ya bi ta nan ya shige, ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, ciki ya zama kunu. Ka ƙwanƙwasa shi da dutse, in ya amsa kamar ganga, to an riga an yi ɓarna.

Haka wani zaure a unguwar Gangare da ke Jos ya yi bayan damina biyu. Filastar ta ɓallo falle guda, da ƙasar bangon manne a jikinta. Wanda ya ba da umarnin ya ce masu kwaɓi ne suka yi ha'inci. Alhali kwano ɗaya na siminti aka sa ga huɗu na yashi, ba ƙari ba ragi, kuma ingancin kwaɓin ne ma ya ƙara toshe bangon. Maganinsa tun na kakanni ne: makuba. A jiƙa ɓawon ɗorawa, a kwaɓa jar ƙasa da ruwan, a yi yaɓe, a riƙa sabuntawa kafin ruwa ya sauka. Indararo kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango.

Mai ganin ginin ƙasa aikin jahilai ne, ya leƙa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke nan Jos, ya shiga kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufi a tazarar da ta wuce kimanin mita 2. Sai magina suka riƙa ɗaure ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama aka sami bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin, ba rodi ko ɗaya.

Azarar giginya gara ba ta cika taɓa ta ba, katakon kasuwa kuwa abincinta ne. Ƙasar da ba ka sani ba, zuba ta a kwalba da ruwa ka girgiza don ka ga yawan yashi da lakar da ke cikinta: yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka sai ta kwana. Umarnin oga kuma a nemi ya sa shi a takarda.

Zauren Gangare dai, na ji an sake shafe shi da siminti.