Sale mai albasa da aka ƙara wa tsawo

Sati biyu kenan da na ajiye aikin rubuta labarai a ɗakin nan namu na Agege a Legas, masu sauraren littattafan da muke karantawa a YouTube sun san wurin, ba sai na kira suna ba.

Abin da har yau yake min ciwo labarin Sale ne. Na gina shi gajere, baƙi, mai sauke buhun albasa a kasuwar Mile 12 tun asuba, ita kuma yarinyar ta fara jin shi a ranta ne ranar da ruwa ya cinye titi ya ɗaukar mata kaya har ta samu motar haya ta danfo, ko lambarta bai tambaya ba ya juya abinsa. Hajiya, shugabarmu a wurin aikin, ta karanta shafin farko kawai ta ture wayar, wai "ke 'yar nan wa zai ƙona data ya ji soyayyar gajeren mutum? Ki mayar min da shi dogo, fari, mai saje, hanci har baka." Kuɗin haya na kaina lokacin, na ce to Hajiya. Wallahi nan na yi kuskure.

Don da ya zama dogo fari komai ya rushe, tun ganin farko dole yarinyar ta rikice, to me ya rage na ruwan sama da danfo? Sai ya koma irin jarumin da kowa ya haddace, faffaɗan ƙirji, ƙamshin turare, shi kenan babu mutum a ciki. Kashi na 6 masu sauraro suka fara cewa ai sun ji wannan sau ɗari. Hajiya ta tara mu ta ce ni ce ban iya rubutu ba, ta zaftare min kuɗin watan, maganar tsawo kuwa kamar ba daga bakinta ta fito ba.

Ban ce ba ta da gaskiya sam ba fa, kyakkyawan hoto a bango yana sa a danna. Amma ba ya zaunar da mutum har kashi na 30.

Sauran marubuta 'yan'uwana kuma, duk gyaran da aka sa ki, ki ce a turo a rubuce, kar ki goge kwafinki na asali. Nawa yana nan, ina sake shi kaɗan-kaɗan a WhatsApp, Sale na nan gajerensa. Jiya wata daga Idi-Araba take tambayata ko yana da ƙane.