Rigar Simintin da Na Sa wa Zauren Kakanmu

Ni na ɓata zauren nan, kuma da kuɗina. Gara in faɗa da bakina kafin wani ɗan'uwa ya riga ni.

A 2016, shekarar da na fara ɗan samu a Kano, na je gida Babbar Sallah, na tsaya a lungu ina kallon zauren kakanmu. Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, gidanmu kuma a tsohuwar unguwa yake, inda lungu ba ya ɗaukar mota sai amalanke. Maƙwabta duk sun koma bulo da kwano, mu kaɗai muka rage da jar ƙasa, zankwayen ma sun gutsure. Kunya ta kama ni. Na sayo siminti buhu 14, na kira masu filasta, cikin kwana 3 suka lulluɓe shi ciki da waje, aka bi da fenti. Har hoto na sa a Facebook. Inna ce kaɗai ba ta tanka ba. Da na matsa mata sai ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma dai Malam bai taɓa sa masa riga ba."

Daminar 2022 ce ta tona asiri, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa. Mu muna kan tudu, ruwa bai shigo mana ba, amma na sama ya yi ta zuba. Wata safiya filastar bangon gabas, inda hadari ke dukansa, ta ɓallo faifai guda kamar ɓawon rogo. Na sa yatsa a abin da ke bayanta, ya nutse. Tubalan sun zama kunu, gara ta shimfiɗa hanyoyinta har kan azara, shekara 6 tana ci babu mai gani.

Ƙanena ya ce a rushe kawai a fitar da shaguna biyu. Ba zan ce maganar banza ya yi ba, haya kuɗi ce, zaure kuwa sai dai ya ci naka. Amma a nan Malam, kakan namu, ya yi ta biya wa yara allo, baƙin hayaƙin wutar karatun dare yana nan a rufin, a nan aka ɗaura auren iyayenmu. Na roƙi a ba ni rani ɗaya.

Da ƙyar muka samo wani tsohon magini a ƙauyen gaba. Ya zo a bayan babur, ya zaga zauren yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa yana kasa kunne. Inda ya ji ƙaf-ƙaf sai ya wuce, inda ya ji kamar ganga sai ya girgiza kai.

"Yaro, wa ya yi wannan aiki?"

"Baba, ni na sa aka yi."

"Ginin ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. Kai kuma ka zo ka toshe masa hanci."

Bayanin da ya yi mini ke nan: siminti ba ya kama ƙasa, zafi da sanyi na raba su, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ga laimar da ke tasowa daga gindi, kuma babu hanyar fita. Ya nuna mini wani abin da ban lura ba: masu filastar sun datse indararo don aikinsu ya yi kyan gani, ruwan rufi ya koma yana zuba a gindin bango.

Sai bayan kaka aka fara, don ba a gini da damina. Aka kankare simintin duka. Ƙasar ma ba kowace ba, shi ya je bakin kududdufi ya damƙa ya murza a hannu ya nuna inda za a haƙa. Aka zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, samari suka yi ta tattakawa, aka bar ta fiye da mako tana tsima ana juyawa. Warin kam sai wanda ya ji. Ni ina ta ƙagara saboda aikina a Kano, shi kuwa ko a jikinsa. Aka mulmula tubali da hannu, masu faɗin gindi da tsinin kai, suka sha rana sati 2. Ranar da aka fara ɗorawa, tsohon nan ya hau kan bango ya zauna kamar mai hawan doki, ana cilla masa tubali yana cafewa ba ya ko kallo, yana jerawa tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓi.

Azara ce ta ba mu wuya. Guda 3 sun ruɓe daga bakin da ya shiga bango. Dole sai ta giginya, namijin, wanda ya ƙosa, shi ne gara ba ta iya wa da sauƙi, ga shi giginyar ta yi ƙaranci a wajenmu. A nan na fahimci dalilin bakan gizon da ke tsakiyar zauren, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin: azara ba ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da madogara ba, sai a riƙa ɗaure ta ana turo ta kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a sama. Dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshenta ke nan a masallacin Juma'a na Zariya. Abin kunya, shekaru ina wuce Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ban taɓa shiga na ɗaga kai ba sai da na ga an buɗe cikin namu.

Na so a yi wa rufin laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga, amma laso sai da katsi, dagwalon da ke kwantawa a ramin marina, marinar garinmu kuwa ta daɗe da mutuwa. Muka tsaya a makuba. Inna ta bi gidajen masu daddawa tana tara ɓawon ɗorawa, aka jiƙa har ruwan ya yi ja-baƙi, aka kwaɓa ƙasa da shi. Da tafin hannu Baba ya yi yaɓen, sawun yatsunsa yana nan layi-layi. Ya tayar da zankwaye, aka sa dogayen indararo.

Kada a ce na zama maƙiyin siminti. Na yi amfani da buhu 2, amma a ƙasa, aka ja kwata ta kwashe ruwan lungu nesa da bango. Na kuma sa fitilar sola, wayar a waje, don Baba ya hana a fasa masa gini.

Da zai tafi ya ce kada a wuce shekara 2 ko 3 ba a sake makubar ba, kuma kowace shekara kafin ruwan fari a hau a toshe tsaga. Na tambaye shi wa zan kira in shi bai samu zuwa ba. Ya yi dariya ya ce 'ya'yansa ɗaya yana buga bulo, ɗaya yana acaɓa a Legas.

A watan Afrilu, da tsakar rana, ɗakunan kwano ba sa shiguwa. Na leƙa zaure na tarar da ƙanen nawa mai shaguna ya baje kan tabarma yana minshari. Ban tashe shi ba. A bayan ƙyaure akwai buhu, Inna ta riga ta fara tara ɓawon ɗorawa na zagaye na gaba.