Yaron da na kora daga kicin

Shekara 9 na yi ina manajan wani gidan abinci a wajejen Zoo Road a Kano, kuma a lokacin babu abin da ke faranta min rai kamar a ce ana tsorona. In na leƙa kicin, har mai yanka albasa sai ya ƙara sauri. Ku ƙannena da ake damƙa wa ragamar gidajen abinci da otal-otal tun kuna da ƙuruciya, na san wannan kwarjinin zai burge ku. Ku ji inda ya kai ni.

Akwai wani yaro ɗan Kurna da muka ɗauka wanke-wanke, har ya kai ga riƙe tire yana kai wa kwastoma abinci. Hannu gare shi, sai ya jera faranti 6 ya ratsa tebura ko romo bai ɗiga ba. Shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. A watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana 'yan Adaidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Mu kuwa sai 11 muke rufewa, kafin a yi shara, a wanke tukwane, a ƙirga ciniki, 12 ta gota. Ni mai mota, a rediyo na ji sanarwar, na canza tasha. Ban tambayi ko mutum ɗaya yadda zai riƙa komawa gida ba. Ashe yaron nan wani daren ya taka sayyada har Kurna, wani daren ya kwana a sito a kan buhunan shinkafa. Da asuba kuma ni ne mai tura shi 'Yankaba sayo tumatir da attaruhu.

Bayan 'yan watanni ya daina raha. A ce masa sakwara ya kawo tuwo. Idonsa ya faɗa, hannunsa na rawa, abincin ma'aikata ma sai ya tura wa wani. Labarin zuciya a tambayi fuska, to ni na ga fuskar, sai na fassara ta da raini. Duk farantin da ya fasa ina rubutawa, ƙarshen wata in zabtare a albashinsa.

Ranar da ba na mantawa wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, wuri ya cika maƙil. Kwanon farfesu ya suɓuce masa a kan babbar rigar wani Alhaji. Alhajin ma cewa yake "ba komai, ƙaddara ce," ni ne na taso daga kan kanta ina cewa, "Kai wane irin dabba ne?" Ya durƙusa yana tsince fasassun tangaran da hannu, jini na bin yatsunsa, bakinsa na maimaita "Yi haƙuri, Oga." Da yamma dattijuwar da ke mana wanke-wanke ta tare ni a bakin famfo, ta ce, "Ɗan nan, yaron can ba lafiya gare shi ba, ka dube shi." Na ce, "Iya, lalaci ne kawai." Sati biyu bayan nan aka ga ƙwayar tiramadol a aljihunsa, na sallame shi a take, ina jin na tsabtace gida.

Abin da ban so in sani ba a lokacin shi ne, a sana'armu da yawan masu shan ƙwayar nan ba nishaɗi ya kai su ba. Mutum ne zai tsaya awa 15 a gaban wuta, a zafin Afrilun Kano da ke haura digiri 40, wani lokacin da azumi a bakinsa, sai abokin aiki ya ce ga abin da ke kashe gajiya. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma ba a hana gajiyar da ke kai yara ga neman madadinsa ba. Wannan gajiyar kuwa, a gidanmu, ni nake rubuta ta da biro a jadawalin aiki.

Don haka ku fara da jadawalin. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cur a kowane mako, da hutun awa ɗaya in aikin yini ya kai awa 6, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa in likita ya tabbatar. Ta kuma hana mai gida cin tarar ma'aikaci daga albashi yadda ya ga dama. Ni sai bayan na yi ɓarnar na karanta. Wanda ya rufe da dare kada ya zama shi zai buɗe da safe. Kuma kafin ku kashe fitila, ku san da me kowa zai isa gida, musamman mata. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai na cinye kaso mai tsoka na albashin yaran nan.

Faɗa kuma a yi shi a bayan kicin, mutum biyu. Kwastoma zai manta da rigarsa kafin Juma'a ta zagayo, yaron da aka kira dabba a gaban mutane kuwa da kalmar zai kwana.

In kun ga ma'aikaci ya canza, ya daina barci, ya daina ci, yana yawan shiru ko saurin fushi, ku ja shi gefe ku tambaye shi gida lafiya, sannan ku yi shiru ku saurara. Ba a karon farko zai faɗa ba, mu Hausawa mun iya "lafiya lau" ko da ciki na ƙuna. Abin da ya faɗa muku kuma ya tsaya a wurinku, don kicin ya fi kasuwa yaɗa magana. In abin ya wuce na hira, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Na san da an ambaci Dawanau sai mutum ya ce an mai da shi mahaukaci. Ku gaya masa ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, kamar hawan jini, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a ba. Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ma ba a ce masa ya yanke rana ɗaya, likita ne ke rage masa a hankali. Ku ba shi ranar ganin likita ba tare da kun taɓa albashinsa ba.

Shi yaron, yayansa ne ya kai shi asibiti, ba ni ba. Bara na gan shi a bakin titin Katsina Road ya kafa teburin shayi, ya yi ƙiba, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi da hannun nan nasa da ba ya zubarwa. Na zauna, na nemi gafararsa, na ce in yana so ya dawo, da ƙarin albashi. Ya ƙi karɓar kuɗin shayina. Ya ce, "Allah Ya yafe mana, Oga. Amma bar ni a nan, yanzu ina samun barci."